Me Ya Sa Ƙwayar Maleriya Ke Ɓuya Wa Mai Gwaji?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in amsa wata tambaya da ake yawan yi mini a ɗakin gwajin jini da nake aiki a Tudun Wadan Zariya, musamman da damina. Ranar Talata wata baiwar Allah ta kawo ɗanta, jiki zafi rau, har ya fara fizge-fizge. Da sakamako ya fito ta duba takardar ta ce, "Malam, ai fulos ɗaya ce, me zai sa a ba mu gado?"

Fulos ɗaya dai na nufin ƙwayoyin maleriya kaɗan aka gani a jinin. Ga abin da layi bai bar ni na gaya mata ba. Jan ƙwayar jini tana da fata siririya, a ƙarƙashin fatar kuma akwai raga ta furotin da ake kira sifektirin. Wani furotin, ankirin, shi ne turken da ke ɗaure ragar da fatar. Wannan ɗaurin ne ke sa ƙwayar ta lanƙwashe ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, ta fito lafiya lau, tana haka har kwana 120.

To yaya furotin yake sanin inda za a ɗaure shi? Kamar buhun da ka kai tashar Kwangila ne, sai an rubuta sunan gari a jikinsa. Günter Blobel, haifaffen Jamus, ya karɓi kyautar Nobel a 1999 saboda ya nuna cewa furotin yana ɗauke da adireshinsa a jikinsa.

Ita ƙwayar cutar falsifarum, nau'in maleriyar da ya fi kashe mana yara, ta iya wannan rubutu, shegiya. Da ta shiga jan ƙwayar jini sai ta ƙera ɗaruruwan furotin nata, da yawansu ɗauke da wata gajeriyar alama da masana suka bayyana a 2004, ta tura su waje. Ɗaya daga ciki, KAHRP, yakan je ya kama ragar nan daga ciki, fatar ta yi ƙuraje-ƙuraje. A kan ƙurajen ake kafa wani mai suna PfEMP1, kansa a waje, gindinsa a ɗaure. Shi ne ke manna ƙwayar jinin a bangon jijiya kamar ƙarangiya a bakin wando, ta daina yawo, saifa ba ta samu ta tace ta ba. In a jijiyoyin ƙwaƙwalwa aka taru, sai suma da fizge-fizge.

Shi ya sa idan na ɗiga jinin yatsa a gilashi na leƙa madubin ƙara girma, galibi 'yan ƙananan ƙwayoyin cutar nake gani, masu kama da zoben azurfa. Manyan sun lafe can ciki, allurata ba ta kai gare su. Abin da na ƙirga na rubuta bai zama duk abin da ke jikin yaron ba.

Roƙona ga iyaye, a bar likita ya haɗa takardar da yanayin yaron, kar a yanke hukunci da fulos. Kai kuma Edita, a ware mana shafin kimiyya ko sau ɗaya a wata, don ni ba na samun minti biyar da kowane majinyaci. Yaron nan dai an kwantar da shi aka yi masa allurai, jiya na gan shi yana cin ƙosai a bakin asibiti.

Naka,
Mai gwajin jini,
Tudun Wada, Zariya.