Ba kowane zawon jariri ne haƙori ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba mu fili mu ja hankalin iyaye a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da sauran unguwannin Hausawa na Legas kan wata larura da ake ɗora wa haƙori ko atini, alhali wani abinci ne hanjin yaro ya ƙi, wato alaji.

Jariri ɗan wata 2 ko 3, yana shan nono, yana ƙiba, ba zazzaɓi, amma kashinsa da majina da zaren jini: sau da yawa sinadarin furotin na madarar shanu ne ke kumbura masa hanji, kuma yakan biyo ta nonon uwa idan tana shan kindirmo ko shayi da madara. Flagyl ɗin kemis ba zai yi komai ba, domin ba ƙwayar cuta ba ce. A fara kai shi likita ya duba. Idan ya zargi madara, uwa ta bar ta da duk dangoginta, har wara da yogot, na mako 2 zuwa 4, ta ci gaba da shayarwa. Jinin kan ɗauke cikin 'yan kwanaki. Daga baya a koma wa madarar bisa umarnin likita. Idan jinin ya dawo, an gano mai laifi.

Don Allah kada a yaye yaro saboda wannan. Nonon akuya ma ba mafita ba ne, furotin ɗinsa kusan ɗaya ne da na shanu, madarar waken suya kuma ba a son ta ƙasa da wata 6.

Nau'in alajin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na lokacin fara ba da abinci. Yaro ya sha madara ko kunun shinkafa, ko ya ci ƙwai ko kifi, lafiya lau, sai bayan awa 1 zuwa 4 amai ya ɓarke ba ƙaƙƙautawa, jiki ya saki, fuska ta yi fari. Tazarar ce ke sa ba a zargin abincin, a sake ba shi gobe. Gwajin jini ma yakan fito babu komai, shi ya sa rubuta abin da ya ci da lokacin da aman ya fara ke taimaka wa likita ƙwarai.

Idan yana iya sha, a ba shi ORS, fakiti 1 a lita 1 ta ruwa mai tsabta, cokali-cokali. Idan ya galabaita, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, a garzaya asibiti mafi kusa, ko asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH, ko asibitin yara na Massey, ko a kira lambar gaggawa ta 112.

Abinci ɗaya ake cirewa a lokaci guda. Hana yaro komai da komai tamowa yake jawowa. Yawancin yara sukan rabu da larurar kafin shekara 3 zuwa 5.

Wasu ma'aikatan lafiyar yara,
Agege, Legas.