Sanarwa kan shirin jarrabawar adabin Turanci

Assalamu alaikum, iyaye da malamai.

Muna sanar da ku cewa za mu fara ƙarin darasi ga ɗalibanmu na unguwannin Asawase da Aboabo a Kumasi masu shirin rubuta adabin Turanci a jarrabawar WASSCE ta kammala sakandare, kowace Asabar bayan sallar La'asar, a inda muka saba haɗuwa.

Hukumar WAEC mai shirya jarrabawar ta kasa wannan fanni takardu 3: ta farko tambayoyin zaɓi 50, ta biyu ƙagaggun labarai, ta uku kuwa wasan kwaikwayo da waƙa. Inda yaranmu suka fi tuntuɓe shi ne rubutun sharhi, domin da yawansu sukan kwaso labarin littafi su zuba daga farko har ƙarshe, alhali mai duba takarda hujja yake nema, wato ɗalibi ya faɗi matsayinsa kan tambayar, ya kafa shi da abin da ke cikin littafin, sannan ya bayyana dalilin da ya sa marubuci ya zaɓi wata kalma ko wani kamance. A ganina, haddace littattafan taƙaitawa ba ya koyar da wannan.

Za mu kuma riƙa nazarin waƙar da ba su taɓa gani ba, baiti bayan baiti. Kowa ya zo da cikakkun littattafansa da biro.