Wasiƙa kan hanyar Kuros Riba da dajin da ta nufa

Assalamu alaikum aminina,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni yadda hanya guda za ta cinye daji, alhali faɗin kwalta bai taka kara ya karya ba. Dubi Jihar Kuros Riba, inda kusan rabin kurmin da ya rage wa Najeriya yake.

A 2015 Gwamna Ben Ayade ya fito da shirin hanya mai layi shida, kilomita 260, daga Kalaba zuwa iyakar Binuwai. A Janairun 2016 aka soke haƙƙin mallakar ƙasa na kilomita 10 a kowane gefe. Yi lissafi: 20 sau 260, murabba'in kilomita 5,200 ke nan, har da dajin mutanen Ekuri da suka daɗe suna tsaronsa da kansu. Katafila ta shiga tun ba a amince da rahoton tasirin aikin ga muhalli ba, abin da dokar 1992 ta ce shi ake fara yi. Sai a 2017, bayan koke-koke, aka janye sokewar.

Ainihin ɓarnar bayan katafila take zuwa. Masu injin yankan katako su bi sawunta, su zaɓe manyan itatuwa, su buɗe ƙananan hanyoyin fitar da gungume. Ta nan manoman koko da masu gawayi da mafarauta za su kutsa. Inda aka tsaga daji kuma, rana da iska na shiga, ganyen ƙasa ya bushe, wutar da a da ba ta kama kurmi sai ta samu abin ci. Goggon birin yankin, da bai kai 300 ba, hanya na raba garkensa.

Abin da ya fi ci mini rai, wannan jihar ce aka fara gwada shirin REDD+ a Najeriya, wato a biya ka don ka bar itace a tsaye. Kuma a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin Gilasgo, a 2021, Buhari ya yi alkawarin daidaita hayaƙin da muke fitarwa da wanda ake zuƙewa nan da 2060. Itacen da aka ƙone hayaƙi ne, kuma an rasa mai zuƙarsa.

Yanzu ido na kan hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba, kilomita 700, da za ta bi ta dausayi da dajin bakin ruwa. In taswirarta ta shigo hannunka, fara duba faɗin filin da aka keɓe a gefenta.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka amini