Zuwa ga ɗana Abba, a kan jirgin nan naka

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kuma karatu yana tafiya daidai. Mu nan Kano lafiya lau, sai hazon bana da ya tayar wa Hajiya da tarinta.

Kawunka Sule ya dawo daga Kaduna ranar Asabar, kuma bai ko zauna ba ya kawo mini maganar da ta hana ni barci. Ya ce da idonsa ya ga hoton bidiyo a wayar ɗansa, kai da abokanka kuna tayar da ƙaramin jirginku marar matuƙi a wani fili ta wajen Mando, har ka ɗaura masa kyamara. Na kira ka ba ka ɗauka ba. Shi ya sa na rubuta, don magana a waya kana iya cewa to, to, Baba, ka kashe ka manta.

Ka sani ban taɓa ƙin wannan sha'awa taka ba. Tun kana haɗa motar kara a zaure na ga inda hannunka ya nufa. Da mutanen gidan nan suka ce wasan banza ne, ni na tsaya maka, ni na shiga kasuwar Sabon Gari na nemo maka injin farko. Saboda haka kada ka karanta wannan kamar maganar tsoho da bai san komai ba.

Abba, Mando fa! Sansanin sojan sama yana nan, makarantar horar da hafsoshi ta NDA tana Afaka, filin jirgin sama yana gaba kaɗan. A watan Agustan 2021 'yan bindiga suka shiga cikin NDA ɗin suka kashe hafsoshi biyu suka tafi da ɗaya. A watan Maris na 2022 aka kai hari filin jirgin, kwana biyu tsakani aka tare jirgin ƙasan Abuja. Sojan da ke gadi a wannan yanki yana ɗauke da duk wannan a ransa, kuma ya ji labarin 'yan ta'adda a Borno suna leƙen asiri da ƙananan jirage marasa matuƙi. In ya ɗaga kai ya ga abu da kyamara yana shawagi, kana jin zai tsaya tambayar wa ya ƙera, ɗalibi ne ko ba ɗalibi ba? Zai bi shi ne har inda ya sauka, ya tarar da saurayi riƙe da rimot, da hoton shingen bariki a cikin katin kyamara. Me za ka ce masa? Wa zai saurare ka a wannan daren?

Kuma doka ba ta bayanka. Tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tayar da jirgi marar matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Na san za ka ce naka na kwali ne, na wasa. Wannan hujjar a gaban lauya ake yin ta, kai kuwa kafin ka ga lauya an riga an wuce da kai. Ko Ingila da kuke yabo, a Disambar 2018 da aka ce an ga irin jiragen nan a filin jirgin Gatwick, tafiyar jirage wajen 1,000 ta lalace, fasinja kusan 140,000 suka rasa yadda za su yi. 'Yan sanda suka kama wani mutum da matarsa, shi mai sha'awar ƙananan jirage ne kamar ka, aka tsare su awa 36, jaridu suka baza hotunansu, daga baya aka ce ba su da laifin komai. Su ke nan a can, an sako su. Kai ka san abin da gidan nan ya gani shekarar da aka tafi da Baffanka. Ka san ofisoshin da na zaga, ka san yadda Inna ta ƙare. Kana da wayo a lokacin, ba sai na maimaita maka ba. Ba ni da ƙarfin sake wannan yawon, mahaifiyarka kuma ba za ta ɗauka ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ka san duk wannan, ka je ka yi, har ka bari aka ɗora a intanet don abokai su yaba. Wannan rashin tunani ne, kuma ba haka na rene ka ba. Na tura ka Kaduna neman ilmi ne, kuɗin da nake aiko maka kuma ka san daga inda suke fitowa.

To, ban ce ka daina ba. Ka cire kyamarar nan yau, ka sa a goge bidiyon. Ka je wurin malaminku na sashe ka nemi a san da aikin, a ba ka takarda, a nuna maka filin da za ka riƙa gwaji nesa da bariki da hanyar saukar jirage. In za ka tayar, ka fara gaida mai unguwar wurin ka gaya masa. Kada ya wuce mita 120 a sama, kada ya ɓace wa idonka, in hazo ya sauko ka haƙura.

Sauran ka fi ni sani, amma zan faɗa. Yara za su biyo ka, ba makawa, ka sa wani ya tsayar da su a bayanka. Farfela wuƙa ce; a 2013 wani yaro ɗan shekara 19 a birnin New York, gwani ne ma, jirginsa mai saukar ungulu ya sare shi a ka ya mutu nan take. Ka cire farfelar duk lokacin da kake gyara. Ka kunna rimot kafin ka haɗa batir, ka saita yadda injin zai mutu da kansa in sadarwa ta yanke. Batirin nan na lithium kuma kada ka sa shi caji a kan katifa ka fita, ka aje shi a kan siminti kana kallo, wanda ya kumbura ka rabu da shi, zan ba ka kuɗin wani.

Ni burina in ga ka shiga kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya in ka gama, ka taɓa jirgi na gaske da takardarka a hannu. Sunan da ya taɓa shiga littafin jami'an tsaro yana wahalar samun wannan.

Mahaifiyarka ba ta san komai ba, na roƙi Kawunka ya yi shiru. Ta ba direba yajinka da ƙuli-ƙuli, ka je tasha ranar Laraba ka karɓa. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, ka gaya mini abin da malamin ya ce. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifinka.