Wasiƙa daga Landan: Na ga kabarin wani maƙerin bindiga

Aminina Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Ranar Asabar na ratsa ta maƙabartar Kensal Green, sai ga ni tsaye gaban kabarin Joseph Manton, shahararren maƙerin bindigar nan na Ingila. Nan take ka faɗo mini a rai, lokacin da kake zuga wuta a maƙera, Baba na gyara wa maharba harba-ruga, ni kuwa ina gefe ina hana ku aiki da surutu.

A garin Grantham na Ingila aka haifi mutumin nan a 1766. Ya yi aiki ƙarƙashin yayansa John kafin ya buɗe nasa shagon a titin Davies, inda masu hannu da shuni ke zuwa yin odar bindigar farauta mai baki biyu. Irin ta ƙanƙara ce fa, dangin ta maharbanmu. Ka san halinta: ka ja kunama, ƙanƙara ta ƙyasta, sai albarushi ya yi ɗan jinkiri kafin ya kama, kafin nan tsuntsu ya yi gaba. Wannan jinkirin Manton ya yi ta ragewa, har masu harbin tsuntsu a sama suka sallama masa.

Amma shari'a ta cinye shi. A 1818 ya fito da wani ɗan bututun tagulla mai maganin fashewa a ciki, wanda ke tashi da bugu ɗaya, ba sai da ƙanƙara ba. Wani limamin coci ɗan Sikotland, Alexander Forsyth, da ya yi rajistar wannan dabara tun 1807, ya maka shi kotu, ya kuma yi nasara. Ga doguwar taƙaddama da hukumar makaman gwamnati kan harsashin igwa. A 1826 Manton ya karye, har bashi ya kai shi kurkuku. Ya mutu a 1835.

Yaran shagonsa kuwa, sai son barka. Thomas Boss da Charles Lancaster duk sun yi suna. James Purdey ya kafa nasa a 1814, shagon yana nan har yau a titin South Audley. Na leƙa, na ji farashi, na fito ba sallama. Kuɗin guda ɗaya sai ya sayi gida a unguwarmu, har da canji.

Don Allah ka tambayar mini Baba, cikin yaran da ya koya wa ƙira, nawa ne suka buɗe tasu maƙerar? Ka gaida su Inna.

Naka,
Bala