Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Sebastian Coe, Shugaban Hukumar Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Duniya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, akwai wani tsohon bashi da mata ke bin hukumar da kake shugabanta. Kai da ka taɓa kafa tarihin duniya a gudun mita 800, kai ya fi dacewa a tuna wa.

Ba hukumarku ce ta buɗe wa mata filin tsere ba, Alice Milliat ce, 'yar Faransa. Da shugabannin Olamfik suka juya mata baya, sai ta kafa ƙungiyar wasannin mata ta duniya a 1921, ta shirya musu gasa tasu a Paris a 1922, aka sake yi a Gothenburg da Prague, ta ƙarshe a Landan a 1934. Ƙungiyarta ce ke tantance lokacin da mata suka yi, tana ajiye shi a littafi. Sai da aka ga 'yan kallo na tururuwa, sannan aka tsakura wa mata wasanni biyar kacal a Olamfik ɗin Amsterdam na 1928. Matan Birtaniya suka ce raini ne, suka ƙi zuwa.

A can ne Betty Robinson ta Amurka, tana da shekara 16, ta cinye mita 100 cikin daƙiƙa 12.2, a zamanin da ɗan tsere ke haƙa ɗan rami ya kafa ƙafarsa kafin a tashi. A 1931 jirgin sama ya faɗi da ita, har wanda ya tsince ta ya zaci gawa ce. Gwiwarta ba ta ƙara yarda ta durƙusa a layi ba, sai ta koma gudun miƙa sanda, ta ci zinare a Berlin a 1936. A mita 100 ɗin, Stanisława Walasiewicz ta Poland ta yi daƙiƙa 11.9 a 1932, Helen Stephens kuwa 11.5 a Berlin ɗin.

To, ga bashin. A Amsterdam, Lina Radke ta Jamus ta lashe mita 800, Kinue Hitomi ta Japan na biye da ita. Jaridu suka zuzuta gajiyar 'yan tseren, wai sun zube a fili, sai ka ce namiji ba ya haki bayan ya zagaya fili sau biyu. Aka soke tseren, mata ba su sake yin sa a Olamfik ba sai a Roma a 1960. Shekara 32 ke nan. A 1936 hukumarku ta karɓe ragamar wasannin mata, ƙungiyar Milliat ta mutu. Ita kanta ta rasu a 1957, aka binne ta a Nantes, kabarin ya yi shekaru da dama ko sunanta babu.

Roƙona, ranka ya daɗe, hukumarku ta fito fili ta ce soke mita 800 zalunci ne aka yi wa mata, a kuma raɗa wa tseren mita 100 na mata a gasar duniya sunan Alice Milliat.

Na gode,
Mai bibiyar wasannin guje-guje