Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Denba Kan Tirelar Kwana da Ƙaramar Mota Za Ta Iya Ja

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya tare da uwargida da yara, Allah ya sa haka, amin. Saƙonka ya iso ni nan Minesota, na kuma ga hotunan tirelolin kwana da dillalin ya nuna maka, da tambayarka a kan wadda motarka Subaru Outback za ta iya ja idan yara sun samu dogon hutu. Na zaɓi in amsa maka a rubuce, domin magana ce ta lissafi, kuma gara ka riƙe takardar a hannu ranar da za ka koma wurin dillalin.

Dillalin bai yi maka ƙarya ba da ya ce motarka tana jan laba 2,700, wato kimanin kilo 1,225, domin abin da Subaru ya rubuta ke nan ga Outback mai injin lita 2.5, mai turbo ce take kaiwa laba 3,500. Sai dai wannan adadi shi ne mafi ƙarancin amfani a gare ka. Ƙa'idar da kamfanonin mota suke bi wajen fitar da shi, wadda ake kira SAE J2807, tana ɗaukar cewa direba da fasinja ɗaya ne kawai a cikin mota, kowannensu laba 150, ba yara, ba kaya a but. Kai kuwa mutum huɗu za ka ɗauka, da tukwane, da buhun shinkafa, da kekunan yara.

Adadin da ya kamata ka fara dubawa yana jikin motar tun ranar da ka saye ta. Ka buɗe ƙofar direba, ka dubi takardar da aka manna a jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai, wadda take nuna iskar taya. A nan aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka, kuma a irin taka yawanci laba 900 ne. Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, nauyin da wuyan tirela yake saukewa a kan ƙugiyar bayan mota, daga cikin wannan 900 ɗin ake cire shi, haka ma nauyin ƙugiyar kanta. A ce kai da uwargida kun kai laba 340, yara biyu kuma 140, saura 420. Idan wuyan tirela ya sauke 250, ƙugiya ta ci 40, abin da ya rage wa but bai wuce laba 130 ba, wato akwati biyu da kular ƙanƙara. Ka san yadda ƙananan motocin kasuwar ƙauye suke tafiya a gida, baya ya zauna a ƙasa, gaba yana kallon sama. Abin da ke faruwa da motar da aka cika wa ƙugiya ke nan, tayoyin gaba su yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana, birki kuma ya ragu.

Akwai kuma iyaka ta biyu a kan ƙugiyar: Subaru bai yarda wuyan tirela ya sauke fiye da laba 270 a kan motarka ba. To, tirela ba ta tafiya daidai sai nauyin wuyanta ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukkan nauyinta, domin idan ya gaza haka sai ta riƙa kaɗa baya hagu da dama, musamman idan babbar mota ta wuce ka ko iska ta bugo daga gefe. Idan muka ɗauki kashi 12, laba 270 yana nufin tirela mai nauyin laba 2,250 da kayanta duka. Wannan ita ce iyakarka ta gaskiya, kuma da ni ne ba zan wuce 2,100 ba, saboda garin da kake zaune.

Ina nufin tsaunuka. Denba tana kan tudun ƙafa 5,280, kuma da zarar ka kama babbar hanyar I-70 ka nufi yamma, hawa za ka yi ta yi har ramin Eisenhower, inda hanyar ta huda ta cikin dutse, wanda yake sama da ƙafa 11,000. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 saboda ƙarancin iska, don haka a bakin ramin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin motarka ya tafi, ga giyarta irin ta CVT wadda ba ta son zafi. Gangaren da ke bayan ramin zuwa garin Silverthorne ya fi hawan ban tsoro, domin dogo ne kuma mai tsayi, wanda duk ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin ya kai ƙasa. Saboda haka kada ka sayi tirelar da ba ta da birkin lantarki nata na kanta. Jihohi da yawa ba su tilasta shi sai nauyi ya kai laba 3,000, amma littafin motarka ya hana jan abin da ya wuce laba 1,000 ba tare da birki ba, kuma maganar littafin ce abin bi. Wannan yana nufin za ka sa a ɗaura maka na'urar sarrafa birkin tirela kusa da sitiyari, da soket mai baki bakwai a baya maimakon mai huɗu, don haka ka sa kuɗinsu cikin lissafi tun yanzu.

Game da nauyin da aka rubuta a takardun talla, ka sani cewa nauyin tirela ne babu komai a cikinta. Ruwa kaɗai, kowane galan laba 8.3 ne, tankin galan 12 ya zama laba 100 ke nan, mu kuwa da alwala sau biyar ba ma tafiya da tanki rabi. Tukunyar gas cikakkiya ta kusa laba 37, batir ya kusa 50, kuma su biyun a kan wuyan tirela ake ɗora su, wato daidai inda ba ka da sarari. Ka ƙara laba 400 zuwa 500 a kan duk abin da dillali ya faɗa maka, ko kuma ka nemi adadin da aka rubuta GVWR a jikin tirelar, wanda shi ne iyakar nauyinta da kaya, ka yi hukunci da shi.

Yanzu ga waɗanda ka aiko. Airstream Basecamp mai ƙafa 16 kyakkyawa ce, na kuma gane dalilin da ya sa uwargida ta fi son ta, amma ta haura laba 2,500 tun babu cokali ɗaya a ciki, wuyanta kuma ya kai kusan 400, saboda haka ba ta motarka ba ce. Ƙaramar nan ta nuCamp mai suna TAG, da ake ƙerawa a Ohayo, motarka za ta ja ta cikin sauƙi, sai dai gado ne kawai na mutum biyu, madafa a waje ta baya, ba kuma a iya tsayuwa a ciki; yara sai dai tanti. Ta ukun, doguwar nan mai faɗi da tsawo, ko da nauyinta ya yi daidai ban so ta ba, domin a kan babbar hanya iska ce take wahalar da ƙaramar mota fiye da nauyi, kuma tirela mai faffaɗan gaba tana iya sa man da kake sha ya kusa ninkawa.

Wadda nake ba ka shawara ka nema ba ta cikin hotunan. Scamp ce mai ƙafa 13, da ake yi da faiba a garin Backus na nan jiharmu. A da kamfanin yana sa nauyinta tsakanin laba 1,200 da 1,500, jikinta a zagaye yake don haka iska tana zamewa, babban mutum yana tsayawa a ciki, teburin baya yana zama gadon mutum biyu, kujerar gaba kuma tana zama gado mai hawa biyu na yara. Matsatsi ne, babu shakka, kuma wadda take da gadon yaran ba ta da banɗaki, sai ku dogara da na sansani. Amma jikin faiba ɓari biyu ne aka haɗa, ba shi da ɗinkin rufi mai yawa da ruwa zai bi, shi ya sa tsofaffinta suke riƙe daraja. Idan ba ka samu ba, ka dubi Aliner, wadda ake naɗewa ta kwanta ƙasa-ƙasa a hanya, a buɗe ta a sansani ta zama ɗaki mai bango mai tauri. Na fifita ta a kan masu bangon tamfol, tunda ka ambaci gandun dajin Yellowstone, domin a sansaninsa na Fishing Bridge ba a karɓar tirela mai bangon tamfol saboda namun daji.

Idan ta hannu za ka saya, ka taka ko'ina a daɓen ka ji ko akwai inda ya yi laushi, ka shinshina cikin kabad ko akwai warin danshi, sannan ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, waɗanda suke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, wadda ta wuce shekara biyar ko shida a canza ta. Kada kuma ka yarda a sayar maka da ƙugiyar nan mai sanduna da ake cewa tana rarraba nauyi sai ka ga littafin motarka ya amince da ita.

Ranar da ka ɗauko ta, ka loda kaya yadda za ku yi tafiya, masu nauyi a ƙasa kuma gaba kaɗan da tayoyi, ka sa kowa ya shiga mota, ka je sikelin CAT da ke tashoshin manyan motoci. Ka hau sau ɗaya da tirela, sau ɗaya ba ita, bambancin zai nuna maka nauyinta da abin da take saukewa a kan motar. Ka aiko mini da takardun sikelin biyu da hoton takardar jikin ƙofa, mu sake lissafin tare kafin ka nufi tsauni.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, mutanen gidana ma suna gaishe ku. Allah ya sa a saya a sa'a, ya kuma kiyaye hanya.

Wassalam,
Naka amini.